Majinyata Biyu a Hanyar Tudun Gwaza

Yaya Barira 'yar kawunmu ce, malamar asibiti. Shekarar da ambaliya ta cinye garuruwan fadama, tana cikin ma'aikatan agajin da aka tura. Ta dawo a rame, ba ta son magana. Sai wani dare bayan isha, ni da ƙannena Suwaiba da Nafi'u muka dame ta da ta ba mu labari, ta miƙe ƙafafu kan tabarma ta ce:

"Suwaiba, matsa min ƙafar nan. Kai kuma Nafi'u, in ka katse ni na fasa. Ni a gajiye nake.

Mutanen da ruwa ya kora duk sun taru a Tudun Gwaza. To ba su kaɗai suka hau tudun ba, har da macizai. Ran nan aka bugo mana waya cewa maciji ya sari wata mata, Hansai, tana goyo. Jini ya fara fita ta dasashinta. Allurar dafi tana wajenmu a sansani, ita kuma tana can tsallaken ruwa.

Abokan aikina duk suna kan masu amai da gudawa. Na sa allurar a kula mai ƙanƙara, na rataya jakata, na kama hanya ni kaɗai. Mai kwalekwale ya ce zai jira ni a bakin ruwa, amma yana jin kiran azahar zai tashi, don hadari na haɗuwa.

Rana tsaka. Hanyar shiru, ko kukan kwaɗo babu. Na kwana ban runtsa ba, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Daidai wata tsamiya na ji an ce, 'Malamar asibiti.'

Muryar a bakin kunnena take, amma mai ita tana can gindin bishiya. Doguwar mata ce, ta lulluɓe da baƙin zane har ƙasa. Yaro na kwance a gabanta rub da ciki.

Na ce, 'Baiwar Allah, sauri nake.'

Ta ce, 'Na sani. Duba min shi.'

Wallahi na so in wuce. Har na ɗaga ƙafa. Amma abin da aka koya mana ke nan, kuma ya riga ya bi jikina: in ka ga mai rauni, ba ka tambayar ɗan ina ne. Na yi tsaki, na ajiye kula.

Gadon bayansa ya fashe, kamar an maka masa icce. Na taɓa shi, jikin sanyi ƙalau. Bai yi kuka ba, bai ko ƙifta ido ba. Na fara wanke ciwon.

Na ce, 'Wa ya yi masa haka?'

'Mutanenku.'

'Ku ba 'yan tudun ba ne?'

'Mun riga su zuwa. Mu ma ruwa ne ya cinye mana gida.'

Ina cikin ɗinki na ji kiran salla daga nesa. Kwalekwale ya tafi ke nan, Hansai kuma tana can tana zubar da jini. Hawaye ya zubo min, na takaici. Ban tsaya ba dai, na ƙarasa, na naɗa bandeji.

Matar ta miƙe ta ce, 'Biyo ni. Ki riƙe bakin zanena. Kada ki kalli ƙasa.'

Muka isa bakin ruwa. Ba kowa. Ta shiga, na bi ta. Ruwan da ya shanye rufin masallaci, ni iyakarsa idon sawuna. Kun san ɗan Adam da abin da aka hana shi. Na saci kallo. Zanen ya ɗan ɗage. Kofato ne, irin na jaki."

Suwaiba ta saki ƙafar. Yaya Barira ta ce, "Wa ya ce ki daina? Ci gaba.

Ban yi ihu ba, ƙarfin ihun ma babu. Ayatul Kursiyyu kawai nake ja a zuci. Ita kuma ko a jikinta.

Da muka taka tudu, ba ta juyo ba ta ce, 'Ɗana ne ya sari Hansai. Taka shi ta yi a duhu, ya tsorata. Yaro ne.' Sai ta ƙara da cewa, 'Da kin wuce mu, da ba ki same ta da rai ba. Gobe ki zo ki sake masa ƙyallen.'

Na ɗaga kai, babu kowa.

Na sami Hansai numfashi sama-sama, jaririnta na ta kuka a hannun wata tsohuwa. Na nemi jijiya da ƙyar, na sa mata allurar. Na zauna a kanta har jinin ya tsaya. Da asuba ta buɗe ido ta ce a miƙo mata ɗanta.

Mijinta, Gambo, ya zo yana min godiya, da taɓarya a hannu. Ya ce, 'Malama, da wannan na karya wa macijin baya, ya sulale. Yau zan bi sawunsa in ƙarasa shi.'

Na dube shi. Na ce, 'Malam Gambo, ajiye taɓaryar nan. Shi ma majinyacina ne.'

Ya zaci gajiya ce ta taɓa min kai. Amma ya ajiye.

Haka na yi ta yi. Da safe Hansai, da rana tsaka gindin tsamiya, har duk biyun suka warke. Ba wanda na gaya wa, wa zai yarda?

To ku ji ni da kyau. Ko ruwa ya janye, kada wanda ya bi hanyar Tudun Gwaza shi kaɗai. Har yanzu suna can, kuma suna da marasa lafiya. In sun kira ku, ku ko allura ba ku iya riƙewa ba, me za ku ce musu?

Ku tashi ku ba ni wuri. Gobe ina da aikin safe."