Tseren Walƙiya da Raƙumi

Alluna biyu ne a gaban Tanimu, kamar kullum. A na dama burauza ce, wato manhajar buɗe shafuka da saƙonni, mai suna Walƙiya, a na hagu kuma wata mai suna Raƙumi. Ya danna maɓalli, shafi guda ya tafi ga kowacce. Kafin ya ɗauke yatsa Walƙiya ta gama ta kunna koriyar fitilarta, ita kuwa Raƙumi tana nan tana juya ɗan zobenta na jira. Ya tura wani shafin, aka sake yin haka.

Aikinsa ke nan a Cibiyar Awon Sauri ta Sabuwar Kano: ya gwada burauzoji, wadda ta ci a ɗora ta a wayoyi da tabarau na duk mutanen birni. Yau ne gwajin ƙarshe. Jiya kuma aka yi addu'ar ukun mahaifiyarsa a Ƙaraye. Ya je, ya zauna a tabarma, ya amsa ta'aziyya, ya dawo a jirgin igiya, kuma har yanzu bai ji komai ba. Ba baƙin ciki, ba hawaye. Zuciyarsa ta yi masa kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Saurin Walƙiya ba tsafi ba ne, kuma da hannun Tanimu a ciki. Shi ya lura cewa Bahaushe in zai aika saƙon murya sai ya gaida mutum, ya gaida iyalinsa, ya tambayi gajiya da ruwa da makwabta, kafin ya iso ga abin da ya kawo shi. Ya shawarci maƙeranta su koya mata gane gaisuwa, ta tsame ta tun daga rumbun ajiyar saƙonni, ta kawo tsokar maganar kawai. Nauyin saƙonni ya ragu, aka yi ta yaba masa, har ya ɗora ta a tasa wayar tun ana cikin gwaji. Masu cewa sauri kan haifi nawa, a lokacin dariya suke ba shi.

Inna kan aiko masa da saƙo duk Juma'a. Walƙiya takan rubuta masa: gaisuwa ce, babu buƙata a ciki. Shi kuma sai ya danna amsar godiya da na'ura ta tanada, ya koma aikinsa.

A wajen zaman makoki ne ya tambayi ƙanwarsa Kuluwa dalilin da ya sa bai ji labarin ciwon Inna ya yi tsanani ba. Ta ce ita ta riƙe wa Inna waya a Juma'ar ƙarshe, kuma Inna ta daɗe tana yi masa magana a saƙon.

"Yaya, kai ne ɗan fari. Ko sunanka ba ta faɗa, ta yaya za ta buɗe baki ta ce ka zo? Gaishe ka ta yi ta yi. Ta yi ta tambayar ko hanya na da kyau, daga ƙarshe ta ce a yafi juna."

Saƙon nan shi ne na ƙarshe da Inna ta bar masa da muryarta a duniya, kuma shi yake so ya ji.

Shugabar sashensu, Injiniya Barira, ta leƙo ta yi masa gaisuwar rashi a tsaitsaye, sannan ta tuna masa saura gwajin saƙon murya, ana jiran sakamako kafin azahar. Ta ce ya zaɓi kowane saƙo ne, duk ɗaya ne.

Ya zaɓi na Inna, ya tura wa alluna biyun.

Walƙiya ta kunna fitila nan take, ta maimaita abin da ta saba faɗa. Bai dube ta ba. Raƙumi ya zuba wa ido, wadda ya sha yi wa lakabin motar ƙauye, domin ita ba ta san zaɓe ba, duk abin da ta tarar a rumbu shi take kwasowa. Zoben ya yi ta juyawa. Tun da ya fara wannan aiki bai taɓa fatan abu ya daɗe bai buɗe ba sai yau.

Daga ƙarshe Raƙumi ta buɗe shi. Tsawon saƙon yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Ya danna.

Ya ji ta ja numfashi, irin wanda take yi kafin sallama. Daga nan sai shiru. Walƙiya ta riga ta bi rumbun ta kwashe duk abin da ta ɗauka gaisuwa ne, har da tambayar hanya, har da neman gafara, ta bar gurbinsu a buɗe. Ɗigon da ke nuna tafiyar saƙo ya ci gaba da rarrafe a kan layinsa, babu ko tari.

Tanimu bai kashe ba. Ya san yadda take jero su tun yana yaro, ya san inda takan dakata ta ba mutum dama.

"Wa alaikumus salam, Inna," ya faɗa a hankali. Ya saurara kaɗan. "Lafiya lau. Ba gajiya. Suna lafiya."

Ya sake jira.

"Hanya da kyau, Inna."

A allon dama, na'ura ta riga ta rubuta sunan wadda ta ci, ta aika wa birni gaba ɗaya. A na hagu ɗigon bai kai ko rabi ba, shi kuma yana zaune da hannuwansa a kan gwiwa, yana jiran wurin da zai ce ya yafe.