Jan Duwatsun Ishawu

Ranar Asabar Ishawu ya faɗo caji ofis na unguwar Nima yana haki, ya same ni a kanta. Kun san shi, wanda ya je karatu Rasha ya dawo ba mata ba mota, sai garin haɗa gilashi a gwangwani.

"Ofisa, an yi mini sata! Jiya na sa duwatsun wuya a tanderu su fito jajaye, na buɗe na tarar da masu ruwan lemo. Madam Zelia ta kasuwar Makola ja take jira, in ta fasa na kaɗe."

Sufeto Mas'udu, wanda ya fi ni son ƙwaƙwa, ya bi shi gida.

"Wane rini kake sawa?"

"Ba rini. Wasu ƙwayoyi ne ke tsirowa cikin gilashin, ido ba ya ganinsu. In sun girma, ja. In wuta ta gaza suka tsaya ƙanana, ruwan lemo. Amma da hannuna na cika tanderun da gawayin bawon kwakwa kafin in tafi Juma'a. Zuberu mai gadin wutar ne ya musanya su!"

Zuberu ya rantse bai motsa ba. Da Sufeto ya zare masa ido, ya ce to, ya ɗan leƙa wajen masu dara.

A bakin tanderu Sufeto ya ga toka ta yi layi har ƙofar Amama mai waakye, wato shinkafa da wake. Ya sayi kwano guda, ya zauna.

"Mma, ina kike samun gawayi?"

"Kasuwar Maamobi, ɗana."

Ya tona murhunta da tsinke. Bawon kwakwa zalla.

"Wannan fa?"

Amama ta saki ludayi. "Ɗiban wuta ne kawai! Tun kakanninmu maƙwabci na ɗibar wuta."

"Da me kika ɗiba?"

"Da... shebur."

Ashe ba a taɓa duwatsun ba, wutarsu aka sace. Sufeto ya ce ta wuce gaba, sai caji ofis.

Suna fita sai ga Madam Zelia a bakin tanderun Ishawu. Ta ɗaga dutse ɗaya a rana, ta ce, "Ei! Bar ja, irin wannan nake so, buhu guda, kala ɗaya sak."

Ishawu ya bi Sufeto da Amama da gudu har titi. "Mma, don Allah, shebur nawa kika ɗiba? In ban sani ba, ba zan sake samun kalar nan ba!"

Amama ta gyara gyale. "Zo ka yi belina, wataƙila in tuna."