Jan da Sabulu Ya Tona

Dakta ce da kanta ta kira 'yan sanda: kwalba ɗaya ta ɓata daga firjin ɗakin bincikenta.

Sufeto ya leƙa firjin. Shi dai bai ga abin sata ba, kwalabe ne kamar na maganin tari.

"Mene ne a ciki?"

"Jan launi ne da wata bakteriya ke fitarwa. Mun ɗiga shi kan ƙwayoyin ciwon daji da muke raino a faranti, suka mutu."

"Ashe magani ne."

"Da saura, Yallaɓai. Har lafiyayyun ƙwayoyin jiki ya kashe. Wanda ya sha, ransa na cikin haɗari."

A wurin wankin hannu Sufeto ya ga sabulu ya yi rawaya. Dakta ta ce haka launin yake, sabulu na taɓa shi ya juye.

Maigadi ya rantse ba wanda ya shigo. Da aka matsa masa, ya sosa ƙeya.

"Sai maigidanta, da ya zo ɗaukarta. Ai shi ba baƙo ba ne."

Maigidan malamin sakandare ne. Sufeto da Dakta sun tarar da shi a gida, a bakin gadon mahaifiyarsa, yana ba ta shayi a cokali. Ciwon daji ya cinye tsohuwar, sai idanu. Gefen farcensa kuwa jajir.

"Jan biro ne, Yallaɓai. Ina makin jarrabawa."

Sufeto ya ja shi tsakar gida, ya miƙa masa sabulu. Kumfar ta koma rawaya. Dakta ta matso kusa da mijinta.

"Abban yara, ka ba Inna?"

"Ban ba ta ba. Ranar nan kin dawo kina murna, kin ce ya kashe dajin. Sauran bayanin ban so in ji ba. Ni na fara sha da safe, in ga ko zai cutar da ita."

Sufeto ya sha kama ɓarayi, amma wannan ya ba shi tausayi ƙwarai. Ya mayar da ankwa aljihu, ya ce da direba asibiti tukuna, caji ofis daga baya.

Daga ɗaki tsohuwar ta ɗaga murya da ƙyar.

"Ina za ku kai min shi?"

"Likita zai duba shi, Inna."

"Yawwa, ɗana. Na daɗe ina cewa yaron nan ba ya kula da kansa."

Dakta ta share hawayenta, ta shiga ta ɗauki cokalin, ta ci gaba da ba Inna shayin.