Zaman Shiru a Garkar Malam Sha'ibu

A mararrabar Madekali ɗan kabu-kabu ya sauke Zulfa, ya ce mata garkar Malam Sha'ibu tana nan gaba kaɗan, ya juya babur ɗinsa ya yi tafiyarsa. Ta tsaya da jakarta cikin zafin bazara. Hanya ta rabu biyu, kuma babu kowa sai wani dogon saurayi da ke tahowa daga wajen kogi da kwandon kifi a kafaɗa.

"Salamu alaikum. Don Allah ina hanyar garkar Malam?"

Ya dube ta, ya buɗe baki, leɓɓansa suka motsa, amma komai bai fito ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya karɓi jakarta, ya shige gaba. Zulfa ta bi shi tana cewa a ranta, wannan ko bebe ne, ko kuma girman kai ya yi masa yawa. Har bakin zanar mata ya kai ta, ya ajiye jakar ya wuce.

Kowace bazara, idan mangwaro ya nuna, itatuwa suka fara sabon tofo, Malam Sha'ibu yakan tara samari da 'yan mata a garkarsa na 'yan kwanaki, maza gefe, mata gefe. Da isowa kowa zai jefa wayarsa cikin wata babbar ƙwarya. Daga safe zuwa azahar ba a magana, sai zikiri da ban ruwan dashe. Bayan la'asar a yi karatu, sannan a zauna da'ira, mai abu a zuciya ya faɗa.

Zulfa ba don son ranta ta zo ba. Tun rasuwar innarta gidansu na Malanville ya zama kamar kango. Yayarta Bilki ta yi aure a Paraku. Babanta, Alhaji Issufu mai albasa, yakan fita da sassafe ya dawo a gajiye, su ci tuwo ba mai ce wa wani komai. Wuni take a rumfarsa cikin hayaniyar kasuwa, ana ciniki da Dendi da Hausa da Zabarmanci, amma duk cikin mutanen nan ba ta da wanda za ta ce wa, yau na yi mafarkin Inna. Bilki ce ta dame ta a waya har ta yarda ta zo.

Ran nan bayan la'asar ta ji wata murya daga gefen maza tana karatu, murya mai sanyi, ba gaggawa, ba tuntuɓe. Ta leƙa ta kafar zana. Mai kwandon kifi ne.

Ta matsa kusa da Malama Ramatu, matar Malam, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, ashe wancan shina magana?"

"Khalidu ke nan, ɗan masunta. In'ina gare shi mai tsanani, ɗiyata. In shina karatu harshe ya sake shi, in ya zo gaisuwa ya kama shi. Tun shina ƙarami yara ke kwaikwayonsa, har lekol, makarantar boko, ya bari saboda dariya. Kullum in da'ira ta zo kansa sai ya girgiza kai."

Kunya ta kama Zulfa. A da'irar wannan yammacin ta ambaci innarta a gaban mutane karo na farko. Ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe, babu wadda ta ce mata ta yi shiru. Da ta gama sai ta ji ƙirjinta ya yi sakayau.

Ranar watsewa Malama ta ja ta gefe tana murmushi.

"Wani ya roƙi Malam ya roƙe ni in roƙe ki lambar waya. Ki duba nisan hanyar da ya biyo."

Zulfa ta rufe fuska. Ta bayar.

Saƙon farko ya same ta a rumfa:

"Salamu alaikum. Ni ne wanda bai amsa sallamarki ba. Na amsa a zuci, bakin ne ya ƙi. Wa alaikumus salam, Zulfa, da fatan ba ta yi latti ba."

Ta yi dariya ita kaɗai har mai sayen albasa ya dube ta. Ta rubuta:

"Ta iso lafiya, Ɗan Ruwa. Ni ma ka yafe min abin da na raya a kanka."

Daga nan kullum sai sun yi hira. Shi yana cikin jirginsa a tsakiyar kogi, ita tana tsakanin buhunan albasa. Yakan ba ta labarin tsuntsayen da suka sauka a tsibiri, ita ta ba shi labarin Inna.

"Inuwata," ya rubuta mata wata rana, "da can ruwa na fi so, don kifi ba ya jiran in gama magana. Yanzu ina cikin ruwa ina ɗokin tudu."

Da maganar ta yi ƙarfi, ya sa sabuwar riga ya zo gaida Alhaji. A zaure ya tarar da shi tare da Abdulbaƙi, wani matashin dillali mai zaƙin baki wanda ya daɗe yana son Zulfa. Khalidu ya durƙusa.

"Ba… ba… ba…"

"Baba, ina wuni, yake son cewa," in ji Abdulbaƙi yana dariya. "Bari in taya shi, kada magariba ta same mu."

Gumi ya karyo wa Khalidu. Ya sake gwadawa, harshe ya ƙi. Ya miƙe ya fita, ko takalminsa bai sa daidai ba.

Alhaji ya shigo cikin gida ransa a ɓace.

"Wanga kika kawo min? Mutumin da ko gaisuwa ba ya iyawa? In kina naƙuda shi zai kira likita? In jandarma ya tsayar da ku a hanya, mi zai ce? A bar wagga magana."

"Baba, in ka san shi…"

"Na ce a bar ta."

Abdulbaƙi bai tsaya nan ba. Ya same ta a rumfa ya jingina da buhu.

"Zulfa, ke mai hankali ce. Wanda ya bar lekol tun shina yaro, shi zai iya tsara kalaman da ake cewa shina aiko miki? Akwai masu rubuta wa mutane a tasha, na san su."

Ta kore shi, amma maganar ta zauna mata. Ta yi ta juya ta har ta kasa haƙuri, ta rubuta:

"Khalidu, ka gaya min gaskiya. Kai ke rubuta saƙonnin nan da kanka?"

Ya rubuto mata:

"Waje ɗaya ne, a rubutu, nake magana ba a ƙarasa min. Ashe can ma ba a yarda muryata ce ba. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Bai sake rubutowa ba.

Damina ta zo ta wuce, aka yanke shinkafa a fadama, sanyi ya shigo ya fita. Zulfa ta ƙi Abdulbaƙi, babanta kuma bai tilasta mata ba, sai dai shirun gidan ya ƙaru. Ta aika saƙo ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Ɗan Ruwa, na yi kuskure. Ko zagi ne ka rubuto min."

Shiru. Wani lokaci takan tsaya bakin kogi inda ake sauke kifi tana duban jirage. Khalidu kuwa ya koma sayar da nasa a wani gari.

Da bazara ta kewayo ta koma garka. Ta ce wa kanta don zuciyarta ta zo, kuma da gaskiyarta, don a zaman shirun nan ta koyi roƙon Allah ba tare da ta gindaya masa yadda zai amsa ba. Tana jin karatun Khalidu ta bayan zana, ba ta leƙa ba.

Ranar rufewa Alhaji Issufu ya kawo sadakar shinkafa da albasa don ladan ya kai wa marigayiya. Malam ya roƙe shi ya zauna a da'irar maza. Aka bi kowa yana faɗin abin da zai koma gida da shi. Da aka zo kan Khalidu, na kusa da shi har ya buɗe baki zai karɓa, sai ya ga Khalidu ya miƙe tsaye.

"N-n-ni…"

Wani ya motsa zai taya shi. Malam ya ɗaga hannu. Garka ta yi tsit, ba a jin komai sai kukan kurciya. Bayan zana Zulfa ta damƙe hannun Malama.

Kalma ɗaya ɗaya ya riƙa fitarwa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na zuba. Ya ce shekara da shekaru yana zaton shirunsa haƙuri ne, a zaman bana ya gane tsoro ne. Ya ce wata baiwar Allah ta nemi gafararsa ya ƙyale ta tana jira, shi da ya fi kowa sanin zafin a ƙi jiran mutum. Sannan ya taka har gaban Alhaji ya durƙusa.

"Ba-ba-baba… i-ina wuni. I-ina son… Zu-Zulfa. Ba zan… gu-gudu ba… yau."

Alhaji ya dube shi. Idonsa ya kawo ruwa.

"Lafiya lau, ɗana. Tashi. Ni da bakina garau, tun da uwarta ta rasu ban iya zama na ce wa yarinyar nan sannu ba. Ka turo manyanka."

Da aka raba wayoyi, Zulfa ta kunna tata. Saƙo ya shigo.

"Inuwata, ki yafe min."

"Na ji ka da kunnena, Ɗan Ruwa. Ka yafe min ni ma."

Bayan ruwan farko aka ɗaura aure, Malam Sha'ibu ya yi addu'a, masunta suka cika tsakar gida da kifi. Da yamma mata suka fito da amarya za su kai ta ɗakin da Khalidu ya kama a unguwar, don ya ce ba zai kai ta nesa ba. Alhaji ya dafa kanta ya sa mata albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ayari ya tafi da guɗa, ya rage shi kaɗai a ƙofar gida yana duban tabarmin da ba a naɗe ba.

Sai ga ango ya baro abokansa ya dawo da sauri.

"Ba-baba… go-gobe… da mu za ka ci tu-tuwo. Ku-kullum."

Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi magana, ya kasa, sai kai kawai yake gyaɗawa.

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya haɗa kowane mai kaɗaici da wanda zai saurare shi.