Sirrin Mubiru a Bakin Masu Karatu

Lule ɓarawo ne. Na faɗa a gabansa, zan kuma faɗa a bayan idonsa. Bai fasa gidan kowa ba, amma maganar da yarinya ta gaya masa tana kuka ya ɗauka ya kai kasuwa.

Yarinyar ita ce Ndagire, 'yar yayana Mubiru. Ni ce ssengarta, ƙanwar ubanta, kuma a wajenmu maganar auren 'ya mace ta hannun ssenga take bi. Saura kwana shida a gabatar da Lule ga danginmu, sai ga ta ta faɗo gidana da rana tsaka ina feren matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa, ko gaisuwa babu.

"Ssenga... na shiga uku!"

"Ke, zauna. Wa ya mutu?"

Ta miƙo min wayarta. Shafin masu karanta littafin Lule ne, wanda ya fito watan jiya, Masarautar Baƙin Ruwa. Ni ban yi boko mai nisa ba, da tsofaffin jaridu na koya wa kaina karatu, kuma ban taɓa ganin amfanin littafin dodanni da sarakunan aljanu ba. Amma na karanta abin da mutane suka rubuta.

Wani ya ce game da sarkin cikin littafin: "Golooba la'ananne ne! Ka yanke wa ɗan'uwanka igiya a tsakiyar ruwa, sannan ka hau gadon sarauta?"

Wata ta ce: "Ni dai ina son shi. 'Yarsa ce fa a cikin jirgin! Da ni ce ma haka zan yi."

Wani kuma: "Marubuci, don Allah a littafi na biyu ka sa kifaye su cinye shi da ransa."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce guguwa ta kama Mubiru da ƙaninmu Nsubuga a tafki, jiragensu biyu ɗaure da igiya ɗaya. Na Nsubuga ya cika da ruwa yana jan ɗayan zuwa ƙasa, ga Ndagire 'yar shekara uku a gindin ƙafar ubanta. Mubiru ya sa wuƙa ya yanke igiyar, Nsubuga ya nutse. Duk garinmu Kasenyi an san cewa igiyar tsinkewa ta yi. Mu uku kaɗai muka san gaskiya: ni, da shi, da yarinyar.

"Ke kika gaya masa?" na tambaye ta.

"Wanda zan aura ne, Ssenga... Cewa ya yi kada mu ɓoye wa juna komai."

"Duba na ƙasan," ta ƙara cewa a hankali.

Na duba. Wani da bai sa sunansa ba ya rubuta: "Wannan labarin kamar na taɓa jin irinsa a bakin ruwan Kasenyi fa..."

Na ce ta kira shi. Kafin matoken ya dahu sai ga shi a bayan boda, wato ɗan acaɓa, da murmushinsa da ƙamshin turarensa.

"Ssenga, barka da gida. Hasken idona, me ya sa kike kuka?"

"Babana ka saka a littafi, Lule?"

"Haba zuciyata! Golooba fa sarki ne mai ido ɗaya, yana hawa kada. Ina ruwansa da Baba?"

"Wuƙar mai ƙotar ƙaho fa? Da waƙar da yake yi wa 'yar don kada ta ji ihun? Ni na rera maka ita!"

Ya matso.

"To, na ɗan ara. Amma ki duba yadda ake son shi! Mutum dubu huɗu suna gardama a kansa. Har ƙuri'a na buɗe musu, a kashe shi ko a yafe masa..."

"Ƙuri'a?" Muryarta ta karye. "A kan babana?"

Na ce, "Kai yaro, wanda ya nutse ɗin ƙanina ne. Matarsa tana raye, kuma za ta zauna a layin gaba ranar Asabar."

"Ssenga, ku ba ku san aikin rubutu ba ne..."

"Na san amana."

Ndagire ta riƙe hannunsa biyu. Wallahi tana son yaron nan, ban taɓa shakka ba.

"Masoyina, abu ɗaya na roƙe ka. Ka rufe ƙuri'ar nan, ka je ka durƙusa a gaban Baba ka gaya masa da bakinka, kafin Asabar."

"Bayan biki, na yi alkawari. Yanzu littafin ke tashe, in na rufe..."

"Kafin Asabar, Lule."

Ya sumbaci hannunta, ya ce zai duba.

Litinin ta wuce. Talata ta wuce. Kullum Ndagire tana bakin hanya tana kallon duk boda da ya tsaya. Ba ta cin abinci, gomesin da aka ɗinka mata, wato rigar bikin, har ya fara yi mata yawa. Kullum kuma sai ta buɗe wayar, masu cewa a kashe suna ƙaruwa.

Ranar Alhamis da yamma muka je gidan Mubiru. Muka same shi a tsakar gida da koma a cinyarsa, ba ya ɗinki, ba ya komai.

"Baba, lafiya?"

"Samari ne a bakin ruwa suke hirar littafin surukina," ya ce, bai ɗago ba. "Ɗaya ya ce duk wanda ya yanke wa ɗan'uwansa igiya, kare ya fi shi. Suka juyo suka ce, Tsoho, kai da ka san ruwa, me ka gani?"

"Me ka ce musu?" na tambaya.

"Na ce gaskiyarsu."

Ndagire ta zube a ƙafarsa. "Baba, ni ce... ni na gaya masa! Ka yafe min!"

Ya ɗora hannu a kanta. "Ke ce dalilin wuƙar, kina da hakkin labarin. Tashi. In kina son shi ki aure shi, uwata. Ni na saba da kayana."

Wannan maganar ce ta gama komai.

Asabar ta zo, Lule bai je wajen Mubiru ba. Amma ya zo biki, da motoci bakwai, da kwandunan kaya, da zakaran da ake ba yayan amarya. Ya zauna can cikin mutanensa sanye da farin kanzu, doguwar rigar maza, da kwat, yana jira. Al'ada ce ango ya saje da jama'a, ssenga ta shiga ta nemo shi, ta maƙala masa fure, ta kamo hannunsa. Sai ta nuna shi yake zama suruki.

A ɗaki ina ɗaura wa Ndagire ɗamarar gomesi ta ce, "Ya zo wajen Baba da safe?"

"Bai zo ba."

"Ƙuri'ar fa?"

"Tana nan."

Hawaye suka wanke kwalliyar da aka ɓata awa biyu ana yi. "Ina son shi, Ssenga... Wallahi ina son shi!"

"Na sani."

"Kada ki gan shi."

"Kin tabbata? In na fita ba gyara."

Ta gyaɗa kai.

Aka saki kiɗa, na fito da furen a hannuna. Mai magana da yawun gidanmu ya ɗaga murya cikin raha: "Ssenga Namutebi, a cikin waɗannan kyawawan baƙi akwai wanda kika sani?"

Na bi layi na farko, na bi na biyu. Na tsaya daidai gaban Lule. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, yana murmushi. Na wuce.

Na dawo na durƙusa a gaban dattawa na ce, "Na duba. Ban ga kowa ba."

Aka yi dariya, aka ɗauka wasan da aka saba ne na jan rai. Aka sake tura ni, na sake dawowa. A na uku mai kiɗa da kansa ya kashe kiɗan.

Lule ya zauna a kujerar nan har aka fara naɗe rumfa. Kawunsa ne ya ja shi zuwa mota. An mayar musu da kayansu duka har da zakaran, kuma Ndagire ba ta sake ɗaga wayarsa ba.