Dokin Baƙo

Kilina maigidana ya aike ni in sayo, robar nan ta goge fensir. Ranar Asabar ce a daminar 1988, gab da magariba, an yi ruwa an ɗauke. Na ja mayafi na fita. Layinmu a Mando duk taɓo ne. Kwaɗi sun fara kuka a kwata, hayaƙin jiƙaƙƙen itace yana fitowa daga gidaje. Wani jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka, ban ko ɗaga kai ba.

Mama Jummai mai tebur a bakin titi ta miƙo mini tana dariya.

"Amarya, ta huɗu ke nan a wata guda. Mijin naki miya yake yi da su?"

Na ce, "Aiki ne ya yi masa yawa, Mama."

Ba aiki ba ne. Na san abin da zai goge da ita. Sunana ne.

Bari in ɗan koma baya. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata a cikin gari. Abokansa biyu ne: Tanko, wanda suka taso tare tun suna yara a Soba, da Sanda, makanike a sansanin sojan sama. Sanda ne ya je kwas Ingila ya dawo da wani ɗan littafin wasa. Ba karta ba ce, ba dara ba. Kowa da takardarsa da fensir, sai 'ya'yan lido biyu masu ɗigo-ɗigo a tsakiyar tebur. Sanda ke ba da labarin da baki, wai suna cikin jirgi mai tafiya tsakanin taurari, shekara dubu nan gaba. Wannan matuƙi ne, wancan likita. In mutum zai yi wani abu sai ya jefa lido. Ɗigo ya yi yawa, ya ci. Ya yi kaɗan, ya faɗi.

Duk Asabar bayan la'asar suke yi a falonmu. Ni shayi nake kai musu, in koma bayan labule ina tsintar shinkafa ina saurare. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma ina iya karatu in ba a hanzarta ni ba.

Tanko ya fi kowa tsokana. "Amarya," zai ce, "yau mijinki ya kife mana jirgi a bayan wata. Ki rage masa tuwo."

Wata rana maigida ya ture takardarsa.

"Matuƙi, likita, soja. Duk na Bature ne. Ni namu zan ƙirƙiro."

Sanda ya ce, "Ka yi, Yusha'u, amma ka san doka. Duk ƙarfin da ka ba mutuminka, sai ka rubuta abin da zai rasa. Kuma abin da aka rubuta aka jefa lido a kai ya zauna, ba mai tashinsa."

Washegari ina wanke-wanke ya tsuguna kusa da ni.

"Uwani, ba kakarki 'yar bori ce ba?"

Kakata ce ta rene ni tun ina goye, kowa a dangi ya shaida haka. Ba maganar da nake so in yi ba ce. Amma tunda aka kawo ni gidan bai taɓa tambayata wani abu da ya wuce abinci ba. Sai na gaya masa. Na ce wanda ake hawa doki ake ce masa. Na ce akwai turaren da ake ƙonawa, kuma ana barin wurin zama ba kowa a kai. Na ce wanda ya zo ba ya zuwa a banza, sai ya tafi da wani abu.

Kwana uku yana rubutu. Ya sa wa abin suna Dokin Baƙo. Mutum ne a cikin jirgin, wanda in an ɓata a duhun sama sai wata halitta ta can ta hau shi, ya san hanya, ya ji kowane harshe. A ƙasan takardar ya ja layi huɗu, na abubuwa huɗu da dokin ya fi so a duniya. Duk hawa ɗaya, a goge layi ɗaya.

"Gwaji ne kawai," ya ce. "Wa zai tsaya ƙirƙirar sunaye." Sai ya cike da nasa. Dambu. Tanko. Sunan Inna, mahaifiyarsa. Uwani.

Har Babbar Kasuwa ya je ya nemo turaren, wai don wasa ya yi armashi. Ranar Asabar ya ƙona, ya jawo kujera ta huɗu ya bar ta ba kowa. Wasa ya yi daɗi. Aka kira magariba, Sanda ya ce a tashi, maigida ya ce jifa ɗaya tak. Ya jefa. Shida da shida. Jirginsu ya tsira, suka yi ta tafi. Ya ɗauki kilina ya goge dambu. Kalma ɗaya ce, amma robar ta marmashe gaba ɗaya a hannunsa.

Ran Litinin na yi dambun zogale. Ya ci loma biyu ya dube ni.

"Wannan wane irin abinci ne? Na garinku ne?"

Na ɗauka wasa ne, na yi murmushi na kwashe kwano.

Asabar ta biyu ya goge layi na biyu. Da suka tashi tafiya, ya miƙa wa Tanko hannu da ladabi ya ce, "Malam, mun gode da ziyara. A ina kake aiki?" Tanko ya yi dariya har da riƙe ciki. Can ya ga ba a taya shi ba, ya daina. Ina bayan labule na ga yadda ya sa hularsa a karkace ya fita bai yi sallama ba.

Daga ranar wasa ya mutu. Sanda ya kawo wani malami, aka yi addu'a, aka ba da rubutu, maigida ya shanye bai yi musu ba. Sanda ya ce a ƙona takardar. Karo na farko ke nan da na yi magana a gaban baƙo ba a tambaye ni ba. Na ce, "Sunana yana jiki, da na Inna." Sanda ya mayar da ashanarsa aljihu. Na ɓoye takardar a ƙasan kwalla. Da Asabar ta zagayo na same ta a kan tebur.

Shi kaɗai ya yi wasan ranar, shi da kujerar. Ran Litinin da safe ya tsaya gaban hoton da ke bango yana ɗaure agogo.

"Uwani, wace ce wannan tsohuwar?"

Ban yi kuka ba. Na ce Inna ce. Ya ce, "Allah sarki," ya tafi ofis.

To wannan ce Asabar ta huɗu, ga ni a hanya da kilina a tafin hannu. Za ku ce me ya sa na sayo. Ni ma na tambayi kaina. An aike ni ne, na tafi. Jikina kamar ba nawa ba, ƙafafuna ne kawai ke tafiya. Sai dai a hanyar wani abu ya yi ta dawo mini. Na karanta takardar nan a ɓoye ya fi sau goma, ina bin ta da yatsa. Ya rubuta yadda baƙo ke zuwa. Ya rubuta abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Bai rubuta yadda yake sauka ba. Bai tambaye ni ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ladan ya fara kiran salla daidai lokacin da na iso ƙofa. An ɗauke wuta. Tun daga waje na ji turaren.

Na yi sallama. Ba a amsa ba.

Fitilar ƙwai tana ci a kan tebur, harshenta a miƙe, ko motsi ba ya yi. Maigida yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Falon da sanyi kamar cikin randa. Kukan kwaɗin nan duk ya ɗauke.

Na dubi kujera ta huɗu. Katifarta ta lotsa a tsakiya, kamar yadda take yi in babban mutum ya zauna.

'Ya'yan lido suka gangaro daga wancan gefen. Ƙwas, ƙwas. Suka tsaya a gabansa.

Shida da shida.

Ya miƙo hannu bai dube ni ba.

"Baiwar Allah, kin kawo?"

Muryar tasa ce, amma a ƙarƙashinta akwai wata, mai kauri, tana biyo ta a baya kaɗan.

Ban ba shi ba. Na durƙusa a gefen tebur na jawo takardar. Fensir ɗin yana da ɗumi. Rubutuna ba kyau. A ƙasan sunana na rubuta, harafi bayan harafi: In doki ya yi atishawa uku, baƙo ya sauka, ba ya dawowa.

Kujerar ta yi ƙara. Wani abu ya sunkuyo yana karantawa. Numfashinsa ya taɓa mini kunne, yana warin ƙarfen da ruwa ya daka.

Bakin maigida ya buɗe. Wannan karon muryar ƙasan ce kaɗai, a hankali.

"Doka ce mai kyau. Me za a rasa?"

Na ce, "Ba ni da takarda."

Wata farar takarda ta taho a kan tebur, ita kaɗai, ta tsaya a gabana. Layi ɗaya ne a jiki.

Na rubuta fura. Ita na fi so.

Lido ya gangaro. Ɗaya da ɗaya.

Hannun maigida ya fara lalubo kilinar a cinyata. Yatsunsa kamar ƙanƙara.

"Uwa..." ya ce, ya tsaya, yana neman sauran.

Na soke fura. Na duba cikina in ga me nake da shi mai nauyin da za a karɓa. Ba ni da ɗa tukuna. Uwata ban san ta ba. Mutum ɗaya ce, wadda ta rene ni, kuma ta riga ta rasu, ba abin da zai same ta.

Na rubuta sunanta.

Aka turo mini lido. Ni na jefa.

Shida da biyar.

"Ya zauna," in ji muryar.

Na sa kilina a kan sunan. Na goga. Robar tana zubewa a kan zanena, ina ji ana zare wani abu daga bayan idanuna, a hankali, ba zafi. Har ta ƙare.

Maigida ya yi atishawa.

Ya sake.

Ta ukun ta daɗe ba ta zo ba. Harshen fitila ya kwanta ya yi shuɗi. Na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sannan ta zo.

Katifar kujerar ta taso a hankali har ta daidaita. Labulen ƙofa ya ɗaga, ya koma. A waje kwaɗi suka ci gaba.

Ya dube ni yana goge hanci da hannun riga.

"Uwani, me kike yi a ƙasa? An yi magariba?"

Na ce an yi. Na tashi na zuba masa ruwa a buta.

Shekaru sun wuce yanzu. Kujerar mun ba mai gyaran kujeru kyauta, Sanda kuma ya daina ba da labarin taurari. Abin da aka goge bai dawo ba. Maigida da Tanko sun sake sabawa daga farko, suna gaisawa da mutunci, amma Tanko bai ƙara tsokanata ba. Duk ƙarshen wata muna zuwa Soba. A mota nake tuna masa abin da zai ce. Ya durƙusa ya ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Ita kuma ta riƙe kansa ta daɗe tana kallonsa.

Ni kuwa, duk abin da na gaya muku na bori, daga bakina na ji shi, ranar da nake wanke-wanke. Wannan ranar ina tuna ta. Wadda ta koya mini ce babu. Ba fuska, ba murya, ba ɗakin da muka kwana. Goggona ta sha faɗa mini sunanta, ina ji, kafin in kai ƙofa ya zube. Ta ce wai ita ke yi mini kitso, tana waƙa. Na ce to.

Dokar atishawa na bi ta da biro har sau uku, don kada ta gogu. Ɗaya takardar tana ƙasan kwalla. Na danna fensir sosai ranar, sai ya bar sawu inda na goge sunan. Wani lokaci in na gama aiki nakan ɗauko ta in shafa da yatsa. Haruffa huɗu ne.