Baƙin da Ya Fito a Farin Ƙyalle

"Ke ce 'Yar Murhu? Ke ce mai bin layi kina cewa itacen ɗana yana kashe mutane?"

Ashanar hannun Auta ta suɓuce cikin toka.

Inna ce tsaye a kanta, mahaifiyar saurayinta Dogo mai itace, ta ci ɗamara, goye da jikarta. Matan da suka taru kallon murhu kowacce ta gyara tsayuwa, sun san kallon da ya fi na murhu ya iso.

"Ina wuni, Inna..."

"Riƙe gaisuwarki, amsa nake so."

Auta dai talla take yi wa wani ƙaramin kamfani mai ƙera murhun da ke cin itace kaɗan, hayaƙinsa ma kaɗan. Ba ta iya dogon bayani ba. Wuta biyu take hurawa, ɗaya a murhun duwatsu, ɗaya a nata, ta rataya farin ƙyalle a saman kowanne, ta bar ido ya yanke hukunci. Itacen gwajin kuwa wurin Dogo take saye. Tun yana yi mata tsiya da "ga mai karya mana kasuwa ta zo", har ya koma shi ke ɗaukar mata murhu, har zance ya kai inda ya kai. Yardar Inna kaɗai ta rage. Sai dai 'yar maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe tana yi wa Dogo kwalliya yana kallon gefe, ta riga ta kai wa Inna labarin, ta kuma zuba masa gishiri son ranta.

Dogo ya iso a guje, kansa duk ɓawon itace.

"Inna, don Allah..."

"Rufe min baki. Da itacen nan na ciyar da kai har ka yi wannan tsawon marar amfani."

Ta juyo kan Auta.

"An gaya min dabararki. Jiƙaƙƙen itace kike cusa wa namu murhun don ya yi hayaƙi. Matsa, ni zan hura."

Gaskiya Inna ta iya wuta. Ta zaɓi busassu, ta jera su kamar mai kitso, ta duƙa ta busa. Wutar ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, idonta ya kawo ruwa ta share da bakin zani.

"Tun ina yarinya nake shaƙarsa, ga ni nan daram."

Auta ma ta hura nata murhun. Ba a jima ba ƙyallen da ke saman wutar Inna ya dafe, na Auta yana nan fari. Auta ta ɗago da ɗan murmushi, amma Inna ko a jikinta.

"To sai me? Ƙyalle ne, sabulu zai wanke."

Mata suka kwashe da dariya, ta 'yar maƙwabciya ta fi ta kowa tashi. Auta ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Tana son Dogo, so mai tsanani, ga shi tana kallo yana suɓuce mata a gaban jama'a.

Sai jaririyar da ke bayan Inna ta fara tari, tana mutsu-mutsu.

"Inna, kawo ta in riƙe miki, zafi ya yi mata yawa."

Ba dabara ba ce, tausayi ne kawai. Inna ta harare ta, amma ta kwance goyon. Auta ta rungume yarinyar tana jijjiga ta, ta zaro sabon ƙyalle daga jakarta ta share mata hanci.

Baƙi ƙirin ya fito.

Da sauri ta dunƙule shi a tafin hannu. Ba ta so a ce ta kunyata uwar Dogo a bainar jama'a.

"Me kike ɓoyewa?"

"Ba komai, Inna."

"Buɗe hannun."

Ta buɗe. Inna ta karɓa, ta daɗe tana kallo, dariyar mata ta ɗauke.

"Kullum tana bayana in ina girki," ta faɗa a hankali. "Wannan kuwa ba inda sabulu zai shiga."

Ta ɗauki butar Auta ta kashe wutar da ta hura da hannunta. Sannan ta kalli ɗanta.

"Kai kuma fa? Me za ka ci in kowa ya daina sayen itace?"

"Inna, daji ya yi nisa. Inda muke zuwa da ƙafa yanzu sai mota, can ɗin ma ya fara sanƙo. Murhun nan itace yake ci, ƙanana dai. Ni in faskara, ita ta kawo masu saye, bishiyoyi su samu su huta."

"Oho. Ashe kun gama shirinku, ni ce baƙuwa."

'Yar maƙwabciya ta sulale, wai ta bar tukunya a wuta.

Wata tsohuwa ta leƙo. "To Inna, saya za ki yi ke nan?"

"Saya? Ina aka taɓa ciniki da suruka? Gida za ta kai min."

Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata. Dogo ya matso, ya rage murya.

"Kin ji ko, abar ƙaunata? Suruka fa ta ce..."

"Na ji. Matsa, ana kallonmu."

Inna ta mayar da goyonta, ta ɗaure tamau.

"Kai Dogo, tsaya nan kana washe baki! Ɗauki murhun, kar ka bar min yarinya da kaya."